Hayaƙin Nagge a Kasuwar Iware

Mutum Biyu,
4 ga Afrilu, 1994.

Zuwa ga abokina Oga Tobias Rewaya, layin makanikai, Jalingo.

Soobajo,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da 'yarmu Dinatu da mutanen Kona baki ɗaya. Mu nan jam muke, sai zafi da ya hana kowa sakat, ko kaji sun daina tono.

Bayan gaisuwa, ga Nagge nan na sake aiko maka. Wanda ya miƙa maka takardar nan shi ya tuƙo ta. Ka tuna ranar da na sayi jif ɗin nan a gwanjon ma'aikatar gona ka ce na sayi saniyar da ta gama haihuwa, sunan Nagge kuma, wato saniya da Fulatanci, ya bi ta. To yanzu ruɗin tsufa ya kama ta. In na kunna siginar dama, waifa ce ke amsawa. In na taka birki, fitilar cikin mota ta kama. Jar fitilar caji ba ta mutuwa, batir kuwa da ya kwana sai ya kwanta. Kullum da safe sai maƙwabta sun tura ni, har sun fara ɓuya in suka ji na buɗe ƙofar gida. Ba zan ɓoye maka ba, na bar wani rewaya na bakin tasha ya sa mata hannu, ya yanke nan ya ɗaura can. Kada ka yi mini faɗa, na riga na yi wa kaina.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, Allah ya kira Dada bana. Sunanta ya fito, ƙarshen watan nan za a kai su sansanin alhazai a Yola. Ƙannena sun ce a ɗauko shatar mota mai lafiya, ta ce ba ta san wannan ba. Ni ne ɗanta na fari, a motata za ta bar gida, kuma ɗanta na Kona, wato kai, shi zai gyara ta. Har yanzu tana ba da labarin zamanka a gidanmu lokacin da aka turo ka gyaran taraktocin gona, yadda kake share ƙwaryar nyiiri, tuwon namu, da kindirmo kana cewa ka ƙoshi tun ɗazu.

Saboda haka ka duba ta ciki da waje. Kada ka yi mata faci, ka yi mata aikin da ka san in an shiga sai Yola.

Ka gaida Malama Dinatu, ka ce ban manta da man shanunta ba. Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Hammanjoda.

*

Jalingo,
17 ga Afrilu, 1994.

Hamman,

Na gaishe ka, na gaida Dada da kyau. Mun gode wa Allah da wannan labari.

Na buɗe Nagge. Abin da na samu a bayan dashbod ba waya ba ce, taliya ce. Mutumin naka har da ledar burodi ya ɗaure waya. Na cire duka na ja sabuwa, tun daga batir har fitilar baya. Alternata lafiyarta lau, burushi ne ya cinye, na canza. Yanzu sigina sigina ce, waifa waifa ce.

Aikin ya ci mini lokaci fiye da yadda na saba. Ba Nagge kaɗai ta tsufa ba. Obadiya na rumfar kusa da ni ya ce zai taya ni, na ce masa motar da Dada za ta shiga ba mai taɓa ta sai ni.

Ka aiko a ɗauka. Ka ce wa Dada ta tuna da ni in ta isa can, ni ma zan sa ta a addu'a a coci. Ka yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, biron ne ba shi da kirki.

Naka,
Tobias.

*

Barade, Jalingo,
2 ga Mayu, 1994.

Zuwa ga Bappa Hammanjoda,

Ina gaishe ka cikin girmamawa, da fatan iyali suna lafiya, da fatan kuma Dada ta tashi lafiya. Ni ce 'yarka Dinatu. Baba bai san na rubuto ba.

Bappa, ka gafarce ni da yin magana a kan abin da ya fi ƙarfin bakina. Makon jiya na taso daga makarantar da nake koyarwa na tarar da Baba a gida da rana tsaka, zaune a kan benci da kayan aiki a jikinsa, bai ko wanke hannu ba. Na tambaye shi lafiya, ya ce lafiya. Tun ranar bai koma rumfa ba. Lahadi bai je coci ba, abin da ban taɓa gani ba ko lokacin rasuwar Mama. Abinci sai ya taɓa ya ture. In an yi sallama daga waje sai ya shige ɗaki ya ce in ce ba ya nan.

Lami matar Obadiya ce ta tare ni a famfo ta ba ni labari. Ta ce ka zo layin makanikai a jiƙe sharkaf, babu mota, ka tsaya a tsakiyar layin kana kiran sunan Baba har kowa ya ajiye sifana ya fito. Ta ce ka faɗi abubuwa da yawa, amma wanda mutane suka riƙe shi ne:

“Kai makaho ne? Da makaho na ba wa aikin nan da ya fi ka.”

Ta ce Baba ya koma cikin rumfa. Ya rufe akwatin kayan aikinsa ya kama hanya, ya bar rumfar a buɗe, sai Obadiya ne ya ja masa ƙofa.

Na ce mata ƙarya take yi. Na ce mutumin da ya goya ni a kafaɗa ranar da aka binne Mama don kada in ga ana zuba ƙasa, ba zai yi wa Baba haka a bainar jama'a ba. Ta ce in je in tambayi duk wanda na ga dama. Na tambaya, Bappa. Yanzu in zan je makaranta sai in zagaya ta bayan kasuwa, don ba na iya bi ta layin.

Ba na ce kai ne da laifi ba, don ban san abin da ya faru ba. Shi nake roƙon ka gaya mini.

Ka huta lafiya. Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Dinatu Tobias.

*

Mutum Biyu,
6 ga Mayu, 1994.

Zuwa ga Dinatu,

Bayan gaisuwa, na sami takardarki. Abin da aka gaya miki gaskiya ne, na faɗa. Tunda kin tambaya, ga yadda aka yi, sai ki auna da kanki.

Mun bar gida da safe, Dada tana gaba kusa da ni sanye da sabon yadin alhazai, ƙannena mata da matar kawunmu suna baya da jakunkuna. Rabin unguwa sun rako mu har bakin titi. Nagge tana tafiya sumul, har Dada tana ta yabon ɗanta na Kona. Muna dab da Iware hadari ya haɗu, ruwan farko na bana. Ranar kasuwa ce, titi ya cika da shanu da dillalai, kuma kin san babu dillalin shanu a can da bai san ni ba, tare muke cin abinci. Na rage gudu ina ɗaga hannu ana ɗaga mini. Ruwa ya sauko, na kunna waifa. Ta share gilas sau ɗaya ta tsaya cak. Sai wari, sai hayaƙi baƙi ƙirin daga ƙarƙashin dashbod, daidai ƙafafun Dada.

Na kashe mota, hayaƙi bai tsaya ba. Sai hon ya kama da kansa. Na doki sitiyari, na zare makulli, yana ta kururuwa kamar ana yanka shi. Shanun da ke bakin titi suka firgita suka tsinke igiya, suka bi ta kan rumfunan masu gishiri da masu tukwane. Ƙofar ɓangaren Dada ta ƙi buɗuwa. Wani mahauci ne ya fizge ta ya ɗauko Dada cak kamar jaririya, ɗankwalinta ya faɗi a laka. Tsohuwar da ko surukanta ba su taɓa ganin kanta a buɗe ba, kasuwa guda ta gani. Hon bai yi shiru ba sai da wani direba ya buɗe bonet ya doke kan batir da dutse.

Ga wahalar mai, babu motar haya ko ɗaya mai wuri. A gaban motar doya aka sa ta, ni da ƙannena muka hau baya a kan doyar, ruwa yana dukanmu. Haka uwata ta shiga Jalingo a hanyarta ta zuwa ɗakin Allah. Ko kallona ba ta yi ba. Na sa su a motar Yola tare da ƙanena Usaini da ya tare mu a tasha, ni kuwa na tsaya, don masu tukwane suna jira na a Iware in biya su ɓarna. Daga tasha ƙafata ba ta kai ni ko'ina ba sai rumfar babanki.

Mu a wurinmu akwai abin da ake kira semteende, kunyar da mutum ya gwammace ya mutu da a gan shi a cikinta. Ita na sha ranar, a gaban mutanen da zan ci gaba da haɗuwa da su duk mako. Na ce wa babanki kada ya yi faci, ya rubuto mini da hannunsa cewa ya ja sabuwar waya. Da wutar ta kama zanen Dada fa?

Ta tashi lafiya, Usaini ya ga tashin jirginsu. Motar tana can gindin tsamiya a Iware, yara suna hawa.

Ke ba ruwanki a ciki, ke 'yata ce. Amma kada ki nemi in ce ban ji zafi ba.

Wassalam.
Hammanjoda.

*

Barade, Jalingo,
19 ga Mayu, 1994.

Zuwa ga Bappa Hammanjoda,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka barka da Sallah tun kafin ta zo. Na karanta wasiƙarka na yi kuka saboda Dada. Ban amsa da wuri ba don akwai abin da nake so in tabbatar tukuna.

Obadiya ya je Iware da kansa, ba wanda ya aike shi. Ya ce aikin Baba yana nan tsaf kamar yadda ya saba, kowace mahaɗa an naɗe ta da kyau, sai wuri ɗaya. Wayar waifa koriya ce, ta fiyus take bi, don in wani abu ya cije fiyus ya ƙone a huta. Baba ya haɗa ta da wata mai ruwan ƙasa wadda ke zuwa kai tsaye daga batir. Da waifa ta cije babu abin da zai yanke wutar, sai ta narke ta narka na kusa da ita, har da ta hon. Obadiya ya ce ko sabon shiga ba ya wannan kuskure, don launin a fili yake. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa.

Maganar launi ta tsaya mini a rai. Washegari ina ɗinke rigar mawaƙan coci a tsakar gida, na ce Baba ya miƙo mini koren zare daga cikin gwangwani. Ya duba, ya ɗauko mai ruwan ƙasa ya miƙo mini ba tare da wata shakka ba. Na ce ba shi ba. Ya ɗauko baƙi. Sai ya ajiye gwangwanin ya ce shi ba tela ba ne.

Na sha faɗa kafin ya yarda muka je asibiti. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, na hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya, na dama kuma kamar mai kallo ta cikin ruwan kogi da damina. Ya ce abin ya daɗe, ba na bana ba ne. Ya tambayi sana'arsa, da ya ji sai ya ajiye biro ya dube shi. Baba ya ce hannunsa ya san waya, da kauri da taushi yake gane ta. Amma sabuwar wayar da ya saya wa Nagge duk kaurinta ɗaya.

Bappa, ni da nake gida ɗaya da shi ban gani ba. Na ga rubutunsa ya koma kamar na 'yan aji ɗaya, ya ce biro ne, na yarda. Na ga ya daina karanta Littafi da safe, ya ce ya haddace, na yi dariya. Lokacin da yake aikin motarka ya ce in zo rumfa ranar Asabar in taya shi hira. Na ce ina da koyon waƙa, kuma ba na son baƙin mai a zanena. Da yamma ya dawo da guntayen waya a aljihu yana tambayata wai yaya ake kiran wannan kala a Turancinmu na malamai. Na ce ya bar ni ina makin jarrabawa. Idona yake nema aro, na hana shi.

Likita ya ce aiki ne ake yi a cire yanar, a asibitin ido na Kano, kuma da yawa suna dawowa da ganinsu. Baba ya ce ba inda za shi. Ya kuma ce in na gaya wa wani, musamman kai, ba shi ba ni. Ya fi so a ce ya yi sakaci da a ce ya makance. Ga shi na gaya maka. Ban san ko daidai na yi ba.

Ka gaida su Goggo. Allah ya dawo da Dada lafiya.

'Yarka,
Dinatu.

*

Mutum Biyu,
27 ga Mayu, 1994.

Zuwa ga Tobias,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban san ko har yanzu ina da bakin da zan kira ka soobajo, abokina, ba, shi ya sa na rubuta sunanka kawai.

Kada ka yi fushi da yarinyar nan. In akwai wanda za a yi fushi da shi, ka san shi.

Na yi Sallah ban san na yi ba. Na yanka rago, aka soya, aka ware kasonka kamar kowace shekara, matata ta tambaye ni wa zai kai. Washegari na ɗauka da kaina na shiga mota zuwa Jalingo. Na sauka, na taka har bakin layinku, na hango bishiyar mangwaron ƙofar gidanka, sai ƙafata ta ƙi. Na tsaya wajen mai gyaran keke kamar ina jiran wani, har ya tambaye ni ko ɓata na yi. Na ba shi naman na juyo.

A cikin duk zagin da ke duniya, Tobias, wanda na zaɓa ke nan. Ban sani ba, amma rashin sanin bai rage mini komai ba. Ni da ko saniya ta fara ɗingishi nake ganewa daga nesa, na karanta takardarka da baƙaƙe kamar ƙofar gari na yi dariyar biro. Na ce kunya ta sa na yi abin da na yi. Yanzu na ga waccan ta Iware ruwan sama ne ya kawo ta, wannan kuwa bakina ne.

Ina roƙon gafara. Ina kuma roƙon abu na biyu: ka bari in raka ka Kano. Ina da masauki a wurin abokan cinikina, zan zauna da kai har a kwance maka bandeji. Nagge kuwa ta ruɓe a gindin tsamiyar nan, ban damu ba. Masu gyara sun yi mini tayin jawo ta, na ce kada wanda ya taɓa.

Ina sauraron amsarka ko da zagi ne.

Hammanjoda.

*

Jalingo,
5 ga Yuni, 1994.

Hamman,

Na gaishe ka. Dinatu ce ke rubutawa, ni nake faɗa. Na ce mata ta sa abin da na faɗa kawai, kada ta gyara.

Na ji wasiƙarka. Ba ka zage ni ba. Tambaya ka yi, ni kuma na kasa amsawa, shi ya sa na rufe akwati na tafi. Da ƙarya ka faɗa da na tsaya mun yi ta.

Kai kana jin kunyar bakinka. Ni abin da ke hana ni fita daban ne. Na san ba na gani. Na sani tun kafin ka aiko motar. Obadiya ya ce zai taya ni, ɗan abu kaɗan ya rage in ce masa duba mini wannan, ban ce ba, don kada layi ya ji cewa Oga Tobias ya ƙare. Na sa girman kaina a gefe ɗaya, na sa matar da ta ciyar da ni a gefe ɗaya, na zaɓi girman kai. Kullum ina ganin zanenta da wutar nan. Wannan ido bai hana ni gani ba.

Saboda haka kada ka ba ni haƙuri, yana ƙara mini nauyi. Kano kuma ba zan bi ka ba. Ba zan zauna a mota kusa da kai kana riƙe mini hannu kana nuna mini rami ba.

Kada ka bar motar ta lalace don ni, wauta ce. Inji da giya lafiyarsu lau. Ka ba Obadiya, hannunsa yana da kyau, idonsa biyu.

In Dada ta dawo kada ka ce ina gaishe ta. Ba ni da fuskar.

Tobias.

Bappa, ni ce. Ya ce kada in ƙara komai, amma sau biyu ya sa na karanta masa wurin naman Sallah. Dinatu.

*

Mutum Biyu,
19 ga Yuni, 1994.

Soobajo,

Gaisuwa mai yawa. Na mayar da sunan, in ka ga dama ka sa Dinatu ta tsallake shi.

Dada ta dawo lafiya, ta rame amma bakinta yana nan. Gida ya cika da 'yan barka, ana ta Hajiya Kadijatu, ita kuwa tana rabon dabino da tasbaha. Da mutane suka ragu ta buɗe jaka ta fito da ƙunshi ta ce na ɗanta na Kona ne, hula da kwalli da ruwan Zamzam a 'yar gora, ta tambaya me ya hana ka zuwa taryarta. Na ce aiki. Ta dube ni ta ce tun ina ɗan yaye ban iya ƙarya ba. Sai na faɗa mata duka, da abin da na yi a layinku, da abin da likita ya ce, da abin da ka rubuto.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce ita ranar nan ba ta kalle ni ba ne don ta ga yadda fuskata ta koma, ta tausaya mini, ba don fushi ba. Ta ce direban motar doya mutumin kirki ne, ya shimfiɗa mata bargonsa, har sunan matarsa ta riƙe ta yi mata addu'a a Arfa. Ɗankwali kuwa an wanke. Daga nan ta juyo kaina. Ba zan rubuta duk abin da ta ce ba, da Fulatanci ta yi, kuma a gaban matata. Ƙarshensa dai ta ce:

“Ni da aka ga kaina a kasuwa na tafi na dawo. Ku da ba a ga komai naku ba kun shige ɗaka kamar masu takaba.”

Ta ce kai ma ba ka tsira ba. In gaya maka ka yi laifi, ba ƙarami ba, kuma ba a wasiƙa ake ba uwa haƙuri ba. Ta hana ni aiko da ƙunshin. Ta ce hannu da hannu za ta ba ka, in ba ka zo ba ita za ta zo, kuma in motar doya ce ta samu ita za ta hau, ta riga ta san hanya. Ka san ta, ba barazana take yi ba. Tun jiya ta sa a wanke mata mayafi.

Tun ranar ba ta karɓi gaisuwata ta safe ba. In na durƙusa sai ta tambayi matata ko an ji wani labari daga Jalingo.

Na aika wa Obadiya ya jawo motar, kamar yadda ka ce. Sauran kuma ban san yadda zan yi ba. Ka gaya mini. Duk abin da ka ce shi zan yi, ko da cewa ka yi kada in sake taka Jalingo.

Ka huta lafiya.

Naka,
Hammanjoda.

*

Jalingo,
22 ga Yuni, 1994.

Hamman,

Na gaishe ka. Ka ce wa Dada ta ajiye mayafinta, ni zan zo in durƙusa.

Amma kafin nan ka zo ranar Asabar. Kada ka zo gida. Ka same ni a rumfa da hantsi, lokacin da layi ya cika. Ba don ka ba ni haƙuri a gabansu ba, kada ma ka buɗe baki. Ni ne zan yi magana. Zan gaya musu idona ya tafi, tun yaushe, da abin da na yi da motarka. Akwai waɗanda na taɓa wa mota a bana, gara su ji daga bakina su kawo Obadiya ya duba.

Ban san ko muryata za ta fita ba. Ka tsaya kusa da ni, ta hannun hagu, wajen da ba na gani.

In mun gama sai mu wuce Mutum Biyu. Maganar Kano mu yi ta a hanya.

Naka,
Tobias.